Wai da gaske masu kiwon zuma ba sa kamuwa da ciwon daji?

Amya_Arba'in: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta kwana tana yi mini yawo a ka. Ranar kasuwar Giwa wani mai sarin zuma ya nuna mini bidiyo a wayarsa, wai an gano dafin zuma na kashe ciwon daji, shi ya sa mu masu amya ba ma kamuwa da shi. Dariya na yi masa a wurin, amma da na koma gida sai na zauna ina lissafi. Kakana ya ɗaura amya har ƙarfinsa ya ƙare, tsufa ne ya ɗauke shi. Babana ya gada, hawan jini ne ajalinsa. Na bi sa'o'insu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda na sani da wannan sana'a a ƙauyukanmu, ban tuna ko mutum guda da aka ce daji ne ya kashe shi ba. To ko akwai ƙamshin gaskiya a maganar? Manya da masu karatu, a warware mana.

BabaNaSoba: Wa alaikumus salam. Yaro, ba sai bature ya faɗa maka ba. Shekarata 51 ina shan harbi, ko allurar zazzaɓi rabona da ita na manta. Sanyin gwiwa da ke damun sa'o'ina ni ban san shi ba. Ba a shan zuma sai an sha harbi, kuma harbin ma magani ne.

MaiZuma_KasuwarBarci: Gaskiya ne Baba. Ni a shago nake, ba na shiga daji, amma kwastomomina da yawa masu jinya ne. Wasu daga asibiti suke biyowa su sayi zuma farar saƙa. Da ba su ga amfani ba ai ba za su dawo ba.

Gayen_Kawo: Alhaji kai kuma dama me za ka ce? Ba a tambayar mai sayar da lema ko hadarin nan na ruwa ne 😂

MaiZuma_KasuwarBarci: Allah ya shirye ka.

Famasi_Samaru: Malam Amya_Arba'in, tambayarka tsohuwa ce, har an taɓa bin diddiginta. A 1979 wasu masu bincike uku a Amurka suka tattara sunayen masu kiwon zuma 580 da suka mutu tsakanin 1949 da 1978. Daga shafukan ta'aziyya na mujallun masu sana'ar suka samo sunayen, sannan suka je suka duba takardar shaidar mutuwar kowanne, suka kwatanta da sauran jama'ar ƙasar. Abin dariya ma, su tsoronsu shi ne kada a ce dafin ne ke jawo dajin. Da suka gama sai suka tarar waɗanda daji ya kashe a cikin masu zuma sun ɗan yi ƙasa da yadda aka zata, amma ragin da ya fito fili a dajin huhu ne kawai, kuma su da kansu suka ce wataƙila don masu zuma ba su cika shan taba ba ne. Sauran nau'o'in daji babu wani bambanci. Hukuncin da suka yanke: yawan shan harbi bai ƙara ba, bai rage ba.

Shi kuma bidiyon da aka nuna maka, ina kyautata zaton labarin Ostireliya ne na 2020. Wata mai bincike, Dakta Ciara Duffy, a cibiyar Harry Perkins da ke birnin Perth, ta tatsi dafin ƙudan zuma 312 ta zuba wa ƙwayoyin dajin mama a ɗakin gwaji, dafin ya farfasa su. Sinadarin da ke wannan aikin sunansa melitin, shi ne kusan rabin dafin idan an busar da shi. An kuma gwada a jikin ɓeraye tare da maganin daji na asibiti da ake kira kemo. Aiki ne mai kyau. Amma a faranti ne da jikin ɓera, ba a jikin mutum ba.

BabaNaSoba: To ai ka faɗa da bakinka. Ya farfasa su.

Famasi_Samaru: Ya farfasa su Baba, ranka ya daɗe. Matsalar ita ce melitin ba ya tambayar sunan wanda ya tarar. Yadda yake huda ƙwayar daji haka yake huda jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya sa wanda zuma ta yi wa taron dangi, harbi ɗari-ɗari, za ka ga fitsarinsa ya koma kalar shayi, ƙoda ta nemi tsayawa. Abin da masu binciken ke fama da shi har yanzu shi ne yadda za a kai dafin kan ƙarin kaɗai ba tare da ya taɓa sauran jiki ba. Harbin da ta yi maka a hannu ba ya zuwa ya nemo ƙari a hanta.

Maman_Khalifa: Na so in yi shiru amma na kasa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara 30 yana zuma a ƙasar Lere. Ba ya sa safar hannu, cewa yake ai sun san shi. Kullum da safe sai ya sha zuma a kunu. Bai taɓa kai taba bakinsa ba. Ciki ya fara kumbura masa, ido ya yi ɗorawa, yana ramewa kamar ana zuƙe shi. Aka ce sammu ne, aka ce shawara ce ta yi yawa, aka ce daji ne kuma daji ba ya son allura, kada a kuskura a kai shi asibiti. Wata bakwai muna zuma da habbatus sauda da saƙe-saƙi. Ranar da yayanmu ya yi ta maza ya ɗauke shi zuwa asibitin Shika, likita ya duba hoton ya ce dajin hanta ne, ya riga ya ci wuri. Kwana 19 ya ƙara.

Abin da ya sa na kawo wannan, Malam Amya_Arba'in: da yayana bai kai shi ba, yau in ka je garinmu ka tambaya me ya kashe Malam, ce maka za a yi ciwon ciki. Kai ma da ka sa shi a lissafinka na waɗanda daji bai taɓa ba.

Amya_Arba'in: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa, ya sa jinya ta zama kaffara. Wallahi Hajiya kin sa jikina ya yi sanyi. A cikin waɗanda na lissafa akwai biyu da "ciwon ciki" aka ce, ɗaya kuma fitsari ne ya riƙa tsare masa har ya rasu. Babu wanda aka auna.

BabaNaSoba: Allah ya jiƙan Malam. Ajali in ya zo ba ruwansa da sana'a.

Abu_Sumayya: Amin. Allah ya ba ku haƙuri 'yar'uwa.

Nas_Rigasa: Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, don Allah ke da 'yan'uwanki ku je a auna jininku a duba ciwon hanta nau'in B, in ba ku riga kun yi ba. Shi ne babban abin da ke jawo dajin hanta a ƙasar nan, kuma yana zama a jiki shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba. Yakan bi gida, daga uwa zuwa jariri, ko ta aska da reza da ake haɗawa. Yara da aka haifa daga 2004 zuwa yau allurarsa na cikin rigakafin da ake yi musu, amma mu manya yawancinmu ba mu samu ba. Na biyu kuma gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a rumbu. Akwai guba a cikinsu, afulatoksin, idan ta haɗu da ciwon hantar nan abin ya fi muni. Mai zuma manomi ne, tuwon masarar nan da ƙuliƙulin nan shi ma su yake ci. Zumar da yake lasa da safe ba ta wanke masa su.

Wanda kuma aka ce fitsari ya tsare masa, a dattijo wannan alama ce da ake so a duba. Yawanci kumburi ne na tsufa a wata gaɓa da ke ƙasan mafitsara, wadda likitoci ke kira prostate, amma wani lokacin daji ne, kuma shi ne dajin da ya fi kama maza a Najeriya.

Maman_Khalifa: Mun yi, Anti Nas. Mu takwas, uku na da shi. Suna zuwa asibiti duk wata shida.

Abu_Sumayya: Ina so in sa baki ta fuskar addini don kada wani ya fahimci cewa ana ƙaryata aya. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 69, wani abin sha na fita daga cikkunanta mai launi daban-daban, a cikinsa akwai waraka ga mutane. Wannan babu musu. Amma mu lura da abu biyu. Ayar abin sha ta ambata, ba harbi ba. Sannan malaman tafsiri sun tattauna ko warakar ta kowace cuta ce ko ta wasu, da yawa sun tafi a kan cewa ba a ce kowace ba. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya umarci mutumin nan ya shayar da ɗan'uwansa zuma saboda ciwon ciki, shi ne dai ya ce bayin Allah ku nemi magani. Babu inda aka ce in kana shan zuma ka ƙi zuwa a duba ka. Masu cewa daji ba ya son allura, a wane littafi suka gani?

MaiZuma_KasuwarBarci: Allah ya gafarta Malam, ni ban taɓa ce wa kowa ya bar asibiti ba. Amma akwai masu gashin daji da bakinsu ke salewa, ba sa iya haɗiyar ko ruwa, su ce zuma ce kaɗai ke sanyaya musu. Wannan fa?

Famasi_Samaru: Wannan kam akwai abin kamawa, Alhaji. An yi gwaje-gwaje a kan masu dajin wuya da baki da ake gasawa da na'ura, wasu sun nuna zuma na rage gyambon bakin. Haka a gyambo da ƙuna, har akwai zumar da ake tsabtacewa musamman don asibiti, galibi manuka ta ƙasar Niyu Zilan. Amma rage raɗaɗin magani daban, kashe ƙarin daban. Kuma a tuna kusan kashi 80 cikin ɗari na zuma sukari ne, mai ciwon sukari ya yi a hankali.

Yakubu_Zonkwa: Sannunku 'yan'uwa. Ni abin da ke damuna ba harbi ba ne, hayaƙi ne. Iyayenmu da ciyawa da busasshen kashin shanu suke shiga zuma. Yanzu ku zo ku ga yaranmu. Tsohuwar taya ake yankawa, ko silifas, ko buhun leda, wai ya fi kama wuta kuma zumar ta fi saurin laushi. Mutum na bisa ɗorawa da tsakar dare, fuskarsa a bakin amya, yana shaƙar baƙin hayaƙin nan, ya sauko ya koma wata bishiyar, amya goma sha a dare ɗaya. Gari ya waye yana kakin majina baƙa. In ma akwai wata kariya a harbin, ai hayaƙin taya ya cinye ta.

Gayen_Kawo: Shi ya sa wata zumar in ka lasa sai ka ji kamar kana tsaye a bakin garejin faci.

Malamin_Gona_Afaka: Yakubu ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Hayaƙin taya da roba na ɗauke da sinadaran da hukumar binciken daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta tabbatar suna jawo daji ga mutum. Ko hayaƙin itace ma da mata ke sha a madafi hukumar ta sa shi a jerin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa, balle taya. Kuma ba huhunka kaɗai ba, kaki da zuma suna riƙe warin da abin da ke cikinsa, ka kai kasuwa wani ya saya don magani.

Abin da nake koya wa mutane: totuwar masara, busasshen kashin shanu, ɓawon gyaɗa, ko tsohon buhun algarara da ba a taɓa zuba magani a ciki ba. A sa a gwangwanin hayaƙi mai mafuri, a toshe sama da ɗanyen ganye don hayaƙin ya fito fari mai sanyi. Busa uku ko huɗu a ƙofa ya isa, ka jira kaɗan. Ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ba inda take zuwa ba. Maƙera a nan Kaduna suna ƙera gwangwanin, ba sai an yi odarsa daga waje ba.

BabaNaSoba: A nan kam ina tare da ku. Duk yaron da na kama da taya a dajina sai ya bar mini aiki. Ɓata zuma ne, kuma ƙudan kan yi fushi su tashi su bar amyar.

Citta_Kachia: Ku ƙara da maganin feshi. Tun da cutar nan ta cinye mana citta a 2023 kowa ya zama likitan gona, a haɗa wannan da wancan a fesa, ba takunkumi ba takalmi. Ni da kaina na yi, ba zan ɓoye ba. Akwatunana shida ne a gefen gona, biyu suka mutu, na tarar da ƙudan zube a ƙasa kamar an share su. Sai na ce to, abin da ya yi wa ƙuda haka, ni da na yini ina shaƙa fa?

Malamin_Gona_Afaka: Tambayar da ya kamata kowa ya yi ke nan. Kusan duk mai zuma a jihar nan shi ne mai feshin gonarsa. Maganin ciyawa mai gilaifoset, a 2015 waccan hukumar ta Liyon ta ce ana kyautata zaton yana jawo daji, ko da yake wasu hukumomin ƙasashe sun saɓa mata, har yau ana ja. Gamalin kuwa, wanda a da ake zubawa a rafi don kama kifi, a shekarar dai ta sa sinadarinsa a sahun farko, wanda babu shakka a kansa, saboda dajin kaluluwa. Fiya-fiya kuma, a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa, amma ku shiga kowace kasuwar ƙauye ku gani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jarka. Na sha ganin an ɗauraye jarkar maganin feshi an ɗura zuma a ciki. Roba na shan magani, wanki ba ya fitar da shi.

MaiZuma_KasuwarBarci: Wannan gaskiya ne, ni ma sai na shinshina jarka kafin in saya. Na mayar da kaya ba sau ɗaya ba.

Sabon_Shiga22: Afuwan, ni sabo ne, akwatuna uku gare ni a bayan Maraban Jos. Kwarkwasa ta dame ni, wani ya ce in yayyafa fiya-fiya a gindin akwatin. Ke nan kada in yi?

Yakubu_Zonkwa: Kada ka soma. Za ka kashe kwarkwasa ka haɗa da masu gidan. Share ciyawar wurin, zuba toka, ka shafa baƙin mai a ƙafafun teburin da akwatin ke kai.

Famasi_Samaru: Amma ka shafa da tsinke ko tsumma a sanda, ba da hannu ba. Baƙin man inji ma yana cikin abubuwan da ba a so su daɗe a fata. Kuma kada a sa kafur ɗin kaya a inda ake ajiye saƙa don korar asu, kaki na shanye shi.

Gayen_Kawo: To jama'a me ya rage? Taya daji, jarka daji, baƙin mai daji, gyaɗa daji. Ni dai na koma sayar da katin waya.

Nas_Rigasa: Ba tsoratarwa ba ce ƙanena, abubuwa ne da gyaransu bai kai kuɗin kwalbar zuma ɗaya ba. Amma bari in dawo da mu kan harbi, don ni a wurin aiki abin da na fi gani a masu zuma ba daji ba ne. Karaya ce ta faɗowa daga bishiya da dare, da ƙuna, da saran maciji, da wanda jikinsa ya ƙi dafi. Wannan na ƙarshen minti kaɗan yake kisa. Kumburi a inda ta harba ba komai ba ne. Amma in ka ga borin jini ya feso a duk jiki, leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙyar, ko jiri ya ɗebi mutum, to ba batun shafa manja ko albasa ba ne. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, a yi asibiti mafi kusa da shi a guje. Allurar adiranalin a cinya ita ce maganin. Ƙwayar mura ba ta tsayar da shi. Ƙarin ƙudar da ya maƙale a fata kuma a cire shi nan take ko da farce ne, don jakar dafin na ci gaba da tura dafi bayan ƙudar ta tafi.

BabaNaSoba: 'Yata, wannan sai baƙo. Wanda ya saba ba ta yi masa haka.

Nas_Rigasa: Rabin maganarka gaskiya ne Baba. An lura cewa masu shan harbi da yawa a kai a kai, irinku, jikinsu kan saba. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu shan harbi jefi-jefi: sabon shiga, da matan gida da yaran da ke taya tatsa. Amma sabo ba alkawari ba ne. A ƙasar Sifen an ba da rahoto a 2018 na wata mata mai shekara 55 da ta yi shekara biyu tana zuwa ana sa mata ƙuda ta harbe ta da sunan magani, wata-wata, lafiya lau. Rana ɗaya harbi guda ya rufe mata numfashi, wurin ba su da adiranalin, ta rasu bayan makonni a asibiti. To masu cewa a kawo mai daji a sa masa ƙuda, mutumin da jikinsa ya riga ya yi rauni, su yi tunani.

Citta_Kachia: Matata ce haka. Shekara da shekaru tana taya ni matsa, bara ɗaya ta harbe ta a wuya ta faɗi. Allah ya sa akwai babur a ƙofar gida. Yanzu ko rigar aikina ba ta wankewa.

Zabiya_Mai_Zuma: Tunda ana lissafa, a sa da rana. Ni zabiya ne, akwatuna tara gare ni a Kujama. Mu dajin fata shi ne abokin gabarmu, na rasa abokai a kansa. Na zaɓi zuma ne ma saboda aikin yamma ne da asuba, ga riga mai rufe jiki duka. An taɓa cire mini wani ƙurji a kunne da ya ƙi warkewa, aka auna aka ce an yi sa'a an zo da wuri. A lokacin ina shekara ta shida da fara zuma, na sha harbi har na gode Allah. Don haka ni dai ba labari aka ba ni ba.

Amya_Arba'in: Allah ya ƙara lafiya ɗan'uwa. Yau na ji abin da ban taɓa ji ba.

Tsohon_Ɗalibi: Ni fa ina ganin kada a yi saurin watsar da maganar Baba gaba ɗaya. Langstroth, wanda ya ƙirƙiro akwatin firam ɗin da muke amfani da shi, an haife shi 1810 ya mutu 1895. Wani malamin coci a Ingila da ake kira Brother Adam, wanda ya shahara da haɗa irin zuma, ya kai shekara 98. Nan gida ma ku duba sarakunan zuma na ƙauyuka, yawanci tsofaffi ne tukuf masu ƙwari. Ruwa ba ya tsami banza.

Famasi_Samaru: Ba ya tsami banza, amma a nemo abin da ya tsamar da shi. Mai zuma yana tafiyar ƙasa, yana hawa yana sauka, ba ya zaman shago, da wuya ka gan shi da teɓa, yawanci ba ya shan taba. Waɗannan kaɗai sun isa su ƙara wa mutum kwana da yardar Allah, ko da ƙuda ba ta taɓa shi ba. Sannan sana'ar na tace mutane. Mai ciwo ba ya hawa kaɗanya da dare, wanda jikinsa ya ƙi dafi tun yana saurayi ya bari. Waɗanda suka rage har tsufa dama masu ƙarfin ne, sai mu gan su mu ce zuma ce. Kuma mutum biyu da suka daɗe ba hujja ba ne, ni ma na san mashayin taba da ya haura 90.

Tsohon_Ɗalibi: Na ji. Amma binciken naka na 1979 ma ai turawa ne da ƙudansu masu sanyin hali. Namu na nan sun fi faɗa nesa ba kusa ba, harbin da muke sha ya ninka nasu.

Famasi_Samaru: A faɗa kam sun fi. Sai dai yawan harbi yawan dafi ne, kuma mun ji abin da yawan dafi ke yi wa ƙoda. In kana so a san gaskiyar namu, sai an fara auna marasa lafiyarmu tukuna, kamar yadda Hajiya ta ce.

Maman_Khalifa: Ni roƙona ɗaya ga mazan zauren nan. Ku da kuke da zuma a gida, in matarku ta ce ta ji ƙullutu a mama, kada ku miƙa mata kwalba ku ce ta shafa. Ga asibitin Barau Dikko, ga na Shika. Ku kai ta a duba, in ya so ta sha zumar a hanya.

Nas_Rigasa: Allah ya yi miki albarka. Dajin mama shi ne kan gaba a matan ƙasar nan, na bakin mahaifa na bi masa, shi kuma tun 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinsa kyauta. Wani abu kuma tunda gidajenku ba a rasa zuma: kada a lasa wa jariri sai ya cika shekara. Akan samu ƙwayar cuta a cikinta wadda hanjin babba ke iya wa, na jariri ba ya iyawa, sai ka ga yaro ya saki, ya kasa tsotso.

BabaNaSoba: Yau kuma? Duk 'ya'yana da jikokina da zuma aka buɗe musu baki.

Abu_Sumayya: Baba, abin da ya zo a hadisi dabino ne ake taunawa a shafa a dasashi. Zumar al'ada ce tamu.

BabaNaSoba: To, na ji ta Malam. Amma a kan harbi ina nan a kan bakana. Da tsohuwar zuma ake magani, ku bar ganin ba mu yi boko ba. Gwiwata shaida ce.

Gayen_Kawo: Baba a bar maka gwiwa, su Famasi su riƙe hanta, a raba gardama.

Amya_Arba'in: Na gode ƙwarai jama'a. Ni dai har yanzu zuciyata na raya mini akwai wani abu a dafin nan, tunda har masana na ɓata lokacinsu a kai. Amma lissafin da na zo da shi na janye, Hajiya ta rushe shi. Anti Nas, awon hantar nan sai an je babban asibiti ko ana yi a ƙananan? Kuma da azumi ake zuwa?

Nas_Rigasa: Ana yi a ƙananan asibitoci da ɗakunan awo da yawa, jini kaɗan ne, ba sai ka ƙi cin abinci ba. In ya nuna babu, ka nemi allurar rigakafin, sau uku ake yi cikin wata shida. Ka tafi da iyali.

Sabon_Shiga22: Malamin_Gona_Afaka, don Allah maƙeran da ka ce suna gwangwanin hayaƙin nan, ta wane gefen gari suke? Ɗorawa ta fara fure a wajenmu, ina so in samu kafin lokacin ɗiba.

Malamin_Gona_Afaka: Duba akwatin saƙonka. Ka ce su yi maka mafurin da fata, na leda ba ya kai damina.